Mun Je Ƙasar da Ake Kira Magariba

Kawuna ya fi shekara ashirin yana cewa, in da rai da rabo, sai ya ziyarci Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas na ƙasar Maroko. Makka ya je sau biyu, amma Fas ce ta tsaya masa a rai. Da ya sayar da wani filinsa na bayan gari sai ya aiko aka kira ni, ya ce, "Kai ne mai Larabci a gidan nan. Ka shirya, za ka raka ni." Larabcina na aji ne, nahawu nake koyarwa a wata sakandare, ban taɓa sayen ko gishiri da shi ba. Amma wa ke ƙin tafiyar da ba aljihunsa za ta taɓa ba?

Ranar da za mu tashi mata suka cika tsakar gida ana sallama. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce da ni, "Allah ya kai ku gabas lafiya, ku sa mu a addu'a." Na ce, "Iya, ba gabas za mu ba. Maroko arewa maso yamma take da mu." Ta dube ni sama da ƙasa. "Waliyyi a yamma? Yamma ai ta Nasara ce." Kawu ya daka mini harara, na ja bakina na yi shiru. A wurinmu duk abin da ya shafi addini gabas yake. Gabas ake kallo a yi salla, gabas alhazai suke tafiya, wanda ba ya salla ma cewa ake ba ya kallon gabas. Kalmar kanta daga "gaba" ta fito, wato inda ka sa gaba. Yamma kuwa ƙeya muke ba ta sau biyar a rana.

Biza da katin allurar shawara sun ci mana mako uku da zuwa Abuja sau biyu a mota, shingayen hanyar Kaduna kuwa ba sai na ba kowa labari ba. A ƙarshen watan Mayu muka bi jirgi daga Kano zuwa Legas, muka kwana a zaune kan kujerun ƙarfe, kafin asuba muka tashi. Tafiyar awa huɗu da rabi ce. Alfijir ya keto mana a saman hamada, ta tagar hannun dama, Kawu ya ɗan karkata can ya yi sallarsa a zaune.

A filin jirgin Kasabalanka wani matashin jami'i ya buɗe jakar Kawu ya ci karo da goro a naɗe cikin jiƙaƙƙen algarara. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya sansana, ya tambaye ni da wani irin Larabci da ban kama ko kalma ɗaya ba. Na gyara murya na yi masa bayani da Larabcin littafi, da wasulla cikakku. Ya kira abokin aikinsa, ba don goron ba, don ya zo ya ji yadda nake magana. Wannan na biyun dattijo ne, ya san goro a hannun 'yan Senegal. Ya ce wa yaron ya ɗanɗana. Ya gutsura, fuskarsa ta yamutse, suka rufe mana jaka suna dariya.

A wurin canji aka ba mu dirhami wajen goma a kowace dala. Kawu ya ɗaga takardar ɗari yana karanta rubutun da ke jiki, don ajami ba ya ba shi wuya. Sai ya ce, "Kai, zo nan. Bankul Magrib. Bankin magariba ke nan? Sai da magariba suke buɗewa?" Na ce, "Kawu, sunan ƙasar ke nan. Mu ne muke cewa Maroko, su Almagrib suke cewa." Ya ce, "Ƙasa guda a sa mata sunan salla?" Ya ninke kuɗin ya sa a aljihu yana girgiza kai. Na san amsar a sama-sama, amma ban iya warware masa ita ba, kuma ga malamin nahawu wannan abin kunya ne.

Tashar jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin take. Muka shiga gari, muka canza zuwa na Fas, mutum ɗaya dirhami ɗari da hamsin da ɗoriya a aji na biyu. Jirgin ya tashi a kan mintin da aka rubuta, har Kawu ya duba agogonsa sau biyu. Agogon ma ba mu taɓa shi ba, don a sa'ad da muka je lokacinsu ɗaya ne da na Najeriya, sai a watan azumi suke mayar da shi baya da awa ɗaya. Wannan daidaiton ne ya yaudare mu da daddare, zan zo kai.

Bayan mun wuce Rabat wani dattijo mai farar jallabiya ya shigo ɗakinmu ya zauna. Ya ga carbin Kawu ya ce, "Senegal?" Wannan tambayar mun sha ta har muka bar ƙasar, don yawancin baƙaƙen da ke zuwa zawiyyar Shehu Tijjani daga can suke. Na ce Najeriya, Kano. Da ya ji Larabcina bai yi dariya ba, sai ya gyara zama ya amsa mini da irinsa. Ashe tsohon malamin makaranta ne ɗan Maknas, ya yi ritaya. Na ga dama ta samu, na kawo masa tambayar Kawu.

Ya karɓi tikitina ya juya bayansa, ya rubuta baƙaƙe uku a rarrabe: gain, ra, ba. Ya ce duk maganar a nan take. Asalin "gharaba" shi ne mutum ya yi nisa ya ɓace wa ido. Rana idan ta faɗi ta yi haka, sai aka ce "gharabat", faɗuwar kuma "ghurub", ɓangaren da take faɗawa "gharb". Sai ya ƙara mimi a gaban baƙaƙen ya ce wannan mimin shi ke nuna wuri ko lokaci, kamar a "masjid", wurin sujada. Saboda haka "maghrib" wurin faɗuwar rana ne, kuma lokacin faɗuwarta ne. Sallar ta ɗauki sunan lokacin, ƙasar ta ɗauki sunan wurin. Kishiyarsa "mashriƙ", inda rana ke hudowa.

Ina fassara wa Kawu sai na ji abin ya faɗo mini a baki da kansa: mafaɗar rana da mahudar rana. Na ce wa malamin mu ma muna da wannan mimin, kuma aikinsa ɗaya. Makaranta, majema, marina, mahauta, maƙera. Ya sa na maimaita masa su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa a tafin hannunsa. Na ƙara masa da cewa kalmarmu ta "yamma" ita ma baki biyu gare ta. In ka ce "yamma da kasuwa" wuri kake nufi, in ka ce "sai da yamma" lokaci kake nufi, kuma ba Bahaushen da ya taɓa rikicewa. Shekara nawa ina cewa "barka da yamma" ban taɓa tsayawa na lura cewa inda rana ta nufa nake gaishe da mutum da shi ba. Malamin ya ce haka 'yan Adam suke. Faransawa sun samo kalmarsu ta "Occident", wato yamma, daga wani fi'ilin Latin mai ma'anar faɗuwa, ta Ingilishi kuma dangi ce da kalmar Latin ta maraice.

Kawu dai bai gamsu ba. Ya ce in tambaye shi, rana ai a ko'ina faɗuwa take, me ya sa su kaɗai suka zama mafaɗarta? Malamin ya yi dariya ya ce wannan dattijon ya fi ni kaifin tambaya. Ya ce ba su suka raɗa wa kansu ba. Mutanen Dimashƙa da Bagadaza ne suka duba daga inda suke zaune, duk abin da ke bayan Masar suka kira shi Magrib. Suka kasa shi uku gwargwadon nisansa da su: Magribul Adna, na kusa, wajen Tunisiya ta yau, Magribul Ausaɗ, na tsakiya, wajen Aljeriya, sai Magribul Aƙsa, na can ƙurya, inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. Da tafiya ta yi tafiya, na ƙuryar ne ya riƙe sunan shi kaɗai. Imazigan, waɗanda Larabawa suka tarar a wurin, harshensu daban ne, sunan baƙi ne ya bi ƙasarsu. "Maroko" kuwa Turawan Sifaniya da Fotugal ne suka lanƙwasa sunan birnin Marrakesh, Turkawa har gobe Fas suke kiran ƙasar baki ɗaya. Ya ce ko kudancin Fotugal da ake kira Algarve, "Al-Gharb" ne, yammacin Andalus, sunan ya zauna bayan masu shi sun tashi.

Sai ya nuna taga. Lokacin mun wuce Kenitra, fili ne shimfiɗaɗɗe iya ganinka, alkama ta nuna ta yi jawur ana girbi da inji, ga gonakin lemo da rake, ga wasu fararen tsuntsaye dangin shamuwa sun yi sheƙa a kan kowace hasumiya. Ya ce, "Wannan yankin kansa Gharb muke ce masa, don yamma yake da Fas. Ka ga a cikin yamma ma akwai yamma." Kafin ya sauka a Maknas ya sake karɓar tikitin ya ƙara kalma biyu a ƙasa: "gharib", baƙo, wanda ya yi nisa da gida, "ghurba", zaman baƙunci. Ya ce wasu har hankaka, "ghurab", suke jawowa cikin dangin, shi dai bai ɗaure musu gindi ba. Ya miƙo mini ya ce, "Yau kai gharib ne a Maghrib." Kawu ya ba shi goro biyu. Tikitin yana cikin littafina har yanzu.

Mun isa Fas wajen biyar. Wata 'yar jar tasi ta kai mu Bab Bujlud a dirhami ashirin, ta ce iyakarta ke nan, mota ba ta shiga tsohon gari. Daga nan sai ƙafa. Ana cewa lungunan Fas sun fi dubu tara, ban ƙirga ba amma ban musa ba. Ka ɗauki lungunan cikin birnin Kano, ka matse su har mutum biyu su riƙa gogar kafaɗa, ka ɗora musu bene uku, ka jingina su a jikin tudu, ka cika su da kyanwoyi. Jaki da alfadari su ne motar kaya, har tukunyar gas su ke ɗauka. In ka ji an ce "Balak!" to ka manne da bango. Kawu bai san haka ba, kwandon wani alfadari ya tafi da hularsa. Wani yaro ya ɗauko ta ya ce zai kai mu masauki kyauta, don Allah. Ya zaga da mu ta shagon darduma na wani ɗan'uwansa da na turare, a ƙarshe ya tsaya kai da fata sai an ba shi hamsin. Ashirin na ba shi, ya tafi yana faɗar abin da na gode Allah ban fahimta ba.

Masaukin tsohon gida ne mai tsakar gida da rijiyar ruwa mai tsartuwa, ɗaki mai gado biyu dirhami 250 a kwana har da karin kumallo. Ƙarfe bakwai saura kwata Kawu ya yi alwala ya shimfiɗa darduma, don jikinsa ya gaya masa magariba ta yi. Shiru ba kiran salla. Bakwai ta wuce, bakwai da rabi, rana tana nan a kan katanga kamar la'asar sakaliya. Ya ce, "Sauka ka tambayi mai gidan nan, ko ladaninsu ba shi da lafiya." Na sauka da sauri, Hausa ta riga Larabci fitowa daga bakina, na ce, "Magariba?" Mutumin ya dafa ƙirji ya ce, "Na'am, kulluna Magariba." Wato e, dukkanmu 'yan Maroko ne. Ashe yadda muke furta sunan sallar, haka jam'in "Bamagribe" yake a Larabci. Tambayar lokacin salla na je yi, shi kuwa ya ɗauka asalinsu nake tambaya. Da muka fahimci juna ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna mini takwas da minti ashirin a agogonsa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Agogonmu ɗaya, amma Fas ta fi Kano nisa zuwa yamma da kusan tafiyar rana ta awa guda, ga shi kuma ta yi arewa sosai, yininsu na bazara dogo ne. Lisha sai wajen goma, asuba huɗu da rabi. Kawu ya ce yanzu ya yarda, ƙasar da rana ke jan ƙafa haka kafin ta faɗi ta cancanci sunan.

A wani ƙaramin masallacin unguwa muka yi sallar. Liman ya saki hannu, ya yi karatu da Warshu. Ana sallamewa sai aka yi da'ira aka ɗauko izu guda ana karantawa baki ɗaya da murya ɗaya, haka suke yi kullum bayan asuba da magariba, su sauke a wata. Aka miƙo wa Kawu Alƙur'ani ya ce a bar shi, ya shiga cikinsu da ka. Na leƙa na kusa da ni: fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, irin rubutun allon da aka fara koya mini kafin bugun gabas ya cika kasuwa. Nan jikina ya yi sanyi. Mazhabar Malikiyya da muke bi, ƙira'ar da gardawanmu ke yi, hannun da mahaddatanmu ke rubutu da shi, duk ta wannan ɓangaren suka gangaro mana. Littafin nahawun da nake ci da shi, Ajuruma, mai shi a Fas ya rayu, a nan ya rasu a 1323. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ɗan Tilimsan ne, Magrib ta tsakiya. Na sha jin masu cewa sunansa daga "Magrib" ya fito, ba haka ba ne, Magila sunan ƙabilarsa ce. Na tuna Iya da maganarta. Da tana nan da na nuna mata.

Abinci shi ne inda muka sha wuya. Burodi safe, rana da dare, zagayayye mai tauri, da shi ake ɗebo miya maimakon cokali. Harira, wata miyar tumatir da wake, kwano dirhami bakwai, ita ta riƙe mu. Tajin ɗinsu nama ne mai laushi amma sai su zuba masa busasshen 'ya'yan itace mai zaƙi, Kawu ya ce shi bai taɓa ganin inda aka haɗa nama da alewa ba. Kullum da ƙullin yajinsa a aljihu. Shayin na'ana'a kuwa ba a magana, sukari kamar za a yi alkaki. Ran Juma'a mai gida ya kawo mana kuskus a faranti ɗaya da iyalinsa, da kabewa da karas a kai. Kawu ya ce wannan dai dambu ne ya yi karatu, ya ci har ya nemi ƙari.

Zawiyyar tana cikin unguwar Blida, hasumiyarta mai koren tangaram. Shehu Tijjani a Ainu Madi ta Aljeriya aka haife shi a 1737, ya dawo Fas a 1798, ya rasu a 1815, kabarinsa na cikin zawiyyar. Tun daga bakin lungu za ka fara jin Wolof da Fulatanci da Bambara, masu shaguna ma sun iya gaisuwa da Wolof. Da muka shiga Kawu ya tsaya a gaban kabarin ya yi sallama, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne mahaifiyata, ƙanwarsa. Na ja da baya na bar shi. Ni ba ɗan ɗariƙa ba ne, shi ma ya sani, ba mu taɓa yin musu a kai ba. Amma zikirin Juma'a da aka yi daga bayan la'asar har faɗuwar rana, ɗaruruwan mutane baƙi da fari da murya ɗaya, na zauna a ciki har ƙarshe, ban duba agogo ba.

Masallacin Ƙarawiyyin, wanda Faɗimatul Fihriyya ta kafa a 859, tafiyar 'yan mintuna ce daga nan. A can wani abu ya ɗaure mini kai. Na ɗauko wayata na duba alƙibla, sai na ga allurar tana nuna gabas, mihrabin kuwa ya fi karkata kudu. Na ɗauka wayar ce ta rikice. Wani ɗalibi ya ce lafiyarta ƙalau, yawancin tsofaffin masallatan ƙasar haka aka gina su. Magabata sun riƙi hadisin da ya ce abin da ke tsakanin mashriƙ da magrib alƙibla ne, wanda aka faɗa a Madina, inda Makka take kudu. Sababbin masallatai gabas suke kallo. Na gaya wa Kawu, ya ce, "To mu da muke cewa kallon gabas, a nan sai a ce me?" Ya tayar da sallarsa yadda sahu ya tsaya.

Kwana ɗaya muka ware don majemar Shuwara, saboda Kawu da fata ya yi arziki. Ana hawa saman shagunan jaka a leƙa ƙasa, a ba ka reshen na'ana'a ka toshe hanci. Kawu ya mayar musu da nasu ya ce warin da ya ciyar da shi shekara arba'in ba zai toshe masa hanci ba. Ramuka ne birjik kamar na marinar Ƙofar Mata, wasu farare na toka da kashin tattabara, wasu ja da rawaya da ruwan ƙasa, mutane tsundum a ciki har cinya. Ya ɗauki wata fatar akuya ya murza ya ja, ya ce mai kyau ce, amma ba ta kai jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa ba. Ya sa na gaya wa mai shagon cewa da yawan fatar da Turawa suka riƙa kira ta Maroko a da, daga ƙasar Hausa ayari ke haurowa da ita. Mai shagon ya ce kowane baƙo da abin da yake cewa nasu ne. Duk da haka ya sayar mana da takalma biyu a 180, bayan ya fara da 400.

Kwananmu shida a Fas muka koma Kasabalanka, muka kama ɗaki kusa da tasha. Da yamma muka tafi Masallacin Hassan na Biyu, wanda aka buɗe a 1993. Hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan ruwa aka gina shi, igiyar Atlantika tana dukan gindinsa. Kawu bai taɓa ganin teku ido da ido ba sai ta tagar jirgi. Ya zauna a kan katanga ya yi shiru. Wannan ne ruwan da mutanen da suke kira Bahruz Zulumat, tekun duffai, don ba wanda ya san abin da ke bayansa. Ana ba da labarin Uƙba ɗan Nafi'u, wanda ya kafa birnin Ƙairawan na Tunisiya a 670, cewa da ya iso gaɓar wannan teku ya kora dokinsa cikin ruwa, ya ce da ba don tekun ba da ya ci gaba. A wurinsu nan duniya ta ƙare. Yau kuwa in ka buɗe rediyonsu za ka ji suna cewa "Al-Gharb" suna nufin Turai da Amurka, kamar yadda muke cewa ƙasashen Yamma. Abin dariyar shi ne Turai arewa take da su, kuma Kasabalanka ta fi Landan da Faris da Madrid zama yamma.

Muna nan zaune sai muka ji an ce, "Baba, sannu da hutawa." Hausa tsantsa. Wani saurayi ne siriri da tiren gilasai da agoguna, hular Kawu ce ta jawo shi. Daga wajen Damagaram yake. Ya bi ta Agadas, ya ƙetara Tamanrasset, ya shigo Maroko ta garin Wujda da ƙafa cikin dare. Shekararsa uku. Sau biyu yana gwada tsallakawa Sifaniya, a inda ruwan bai fi kilomita 14 ba, sau biyu ana dawo da shi, na biyun ba duka suka dawo ba. Kawu ya ce, "Ɗana, me ya hana ka komawa gida?" Ya ce, "Baba, da me? An sayar da shanu biyu aka ba ni." Ya ce kalmar da ya fara koya a bakin mutanen nan ita ce "ghurba", don su ma kusan kowane gida akwai wanda ya tafi Faransa ko Italiya, waƙoƙinsu duk a kanta suke. Na taɓa aljihuna inda tikitin malamin Maknas yake, ban fito da shi ba.

Kawu ya kwance jakarsa ya ba shi sauran goron duka da ƙullin kilishin da muke ta tattali. Yaron ya kai goron hanci ya daɗe bai sauke ba. Ya ce a ba shi lambar wani a gida, sai kuma ya ce a bari. Rana ta yi ja ta taɓa ruwa, ta nutse kaɗan-kaɗan kamar ana tsoma faranti, ba gini ba bishiya tsakaninmu da ita. Takwas da rabi ta wuce aka kira salla. Ya ajiye tirensa wurin wani mai sayar da masara, muka shiga tare, ya tsaya a sahu tsakanina da Kawu. Bayan an idar muka neme shi a cikin jama'a ba mu gan shi ba.

Dawowa ba abin labari, sai jiran awa tara a Legas. Mun iso Kano da la'asar, gida ya cika, ana ta rabon dabino da turare da 'yan carbi. Ban ankara ba ina tsakiyar ba da labari na ji ladanin unguwa, bakwai saura, ko alwala ban yi ba, jikina yana can yana jiran takwas. Iya ta shigo da sandarta ta durƙusa gaban Kawu ta ce, "Alhaji, barka da dawowa. Yaya mutanen gabas?" Na buɗe baki ke nan Kawu ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Suna gaishe ki, Iya," ya zuba mata dabino a gefen zane, ya ce in miƙo masa buta.